Zauren Littattafai: Wasiƙunku a kan Abraham Linkon

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta wuce na ambaci Abraham Linkon, shugaban Amurka a lokacin yaƙin basasarsu, a layi biyu kacal, ina amsa wa wani yaro tambaya a kan inda muka aro tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko. Layi biyun nan sun jawo mini saƙonni fiye da duk abin da na rubuta a bana. Na tsamo biyar. Na amsa su ne a zaure tsakanin la'asar da magariba, kwana huɗu a jere, domin zafin Sakkwato na wannan wata ba ya barin mutum ya zauna da alƙalami da rana tsaka. A bangon littafi za ku ga an rubuta Lincoln, ni kuwa ina rubuta shi yadda bakinmu ke faɗa. Sunayen marubuta da na littattafai na bar su yadda suke, don mai nema ya samu.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗalibi ne a sashen tarihi, aji biyu, a Jami'ar Ɗanfodiyo. An ba mu aikin rubutu a kan shugaba ɗaya na ƙasar waje, na zaɓi Linkon. Da na shiga intanet sai na ga littattafai ba iyaka, kaina ya ɗaure. Da wanne zan fara? Kuɗina ba su wuce na littafi ɗaya ba.
Ɗalibi, Runjin Sambo

AMSA: Ɗana, Allah ya yi albarka. Ɗaurewar kai dole ce. An ƙiyasta littattafan da aka rubuta a kan mutumin nan sun kai 15,000. A birnin Washinton, daura da gidan wasan kwaikwayon da aka harbe shi, har hasumiya aka tayar da kwaikwayon littattafan, tsayinta ya haura mita goma.

Tunda kuɗin guda gare ka, nemi na David Herbert Donald, mai suna Lincoln kawai, wanda ya fito a 1995. Donald ya ɗaure kansa da sharaɗi: zai bi labarin ne da abin da Linkon ya sani a ranar da yake yanke shawara. Mu da muka zo daga baya mun san jihohin Arewacin Amurka ne suka ci yaƙin, mun san an 'yanta bayi, saboda haka duk abin da ya yi sai mu ga kamar dama ya hango. Donald kuwa zaunar da kai yake kusa da shi a daren da bai san abin da gobe za ta haifa ba.

Za ka bi shi tun daga ɗakin gungumen itace a jihar Kentaki, inda aka haife shi ran 12 ga Fabrairu 1809. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara tara. Matar uban da ta zo bayanta, Sarah, ita ta tsaya masa a kan karatu, ya kuma riƙe ta uwa har ƙarshen ransa. Duk zamansa a aji, in an tattara, bai wuce shekara guda ba. Sauran duk aro ne: ya aro littafi, ya karanta, ya mayar. Da haka ya zama lauya a garin Springfield. Ya yi zango ɗaya a majalisar wakilai daga 1847 zuwa 1849, ya koma gida kamar an gama da shi. Ya dawo ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1860 da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, kuma kafin a rantsar da shi ran 4 ga Maris 1861 jihohi bakwai na Kudu sun riga sun ɓalle.

Akwai inda ban bi Donald ba. Yana ganin Linkon mutum ne mai jiran al'amura su tura shi, yana kafa hujja da wata wasiƙa ta 1864 inda shi da kansa ya ce ba shi ya juya al'amura ba, su suka juya shi. Ni a wurina wannan maganar kawaici ce, irin wadda dattijo ke yi in an yabe shi a gabansa. Wanda ya yi ta sauke janar bayan janar har ya dace da Grant ba karan da ruwa ke ja ba ne. Ka kawo wannan saɓanin a aikinka, ka faɗi naka ra'ayi, malaminka zai fi ganin ƙoƙarinka.

Ni ba da Donald na fara ba. A 1968 ina aji biyu a kwalejin horon malamai, wani malami Ba'amurke da ya gama wa'adinsa ya bar mana akwatin ƙarfe cike da littattafai. A ciki na tsinci na Carl Sandburg, wanda aka dunƙule a mujalladi ɗaya daga shidan da ya fitar a 1926 da 1939. A lokacin yayana yana cikin sojan da suka tafi yaƙin basasar Najeriya, wata biyar ba wasiƙa. Bai dawo ba, Allah ya jiƙansa. A wajen Onica aka ce kwanansa ya ƙare. Turancina bai nuna ba, da ƙamus nake bi, amma ina karanta labarin matan da ke layi a ƙofar ofishin Linkon suna roƙo a kan 'ya'yansu sojoji, ina ganin Innarmu zaune bakin ƙofa da carbi. Da namu yaƙin ya ƙare a Janairu 1970, Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, sai na koma na buɗe jawabin Linkon na 4 ga Maris 1865, inda ya ce a ƙarasa aikin ba tare da ƙeta ga kowa ba, a ɗaure raunin ƙasa, a kula da wanda ya yi yaƙin da matar da ya bari da marayansa. Na yi kuka a ranar.

Duk da haka ba zan ce ka kafa hujja da Sandburg ba. Mawaƙi ne kafin ya zama mai tarihi, in labari ya yi masa daɗi sakawa yake ko majiyarsa ba ta da ƙarfi. Ka san tambayar da malaman hadisi suka koya mana: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riske shi ko bai riske shi ba? Yi wa kowane littafin tarihi ita. William Herndon, abokin aikinsa na lauyanci, ya fitar da nasa a 1889 bayan ya bi tsofaffi yana tattara abin da suka tuna. Ya san mutumin ciki da bai, amma ba sa ga maciji da matar Linkon, Mary, don haka abin da ya faɗa a kanta sai an tace. Sakatarorinsa biyu, Nicolay da Hay, sun fitar da mujalladi goma a 1890. Sun zauna da shi a fada dare da rana, amma takardun da suka yi aiki da su suna hannun ɗansa Robert, kuma sun kiyaye abin da zai ɓata masa rai. Takardun nan ba a buɗe wa jama'a su ba sai 1947. Ke nan in ban da su biyun, duk wanda ya yi rubutu kafin wannan shekara da ido ɗaya ya yi.

Akwai wanda ba sai ka biya ba. Tarin jawabansa da wasiƙunsa da Roy Basler ya tace a 1953, Jami'ar Michigan ta sa shi a intanet kyauta, kuɗin data ne kawai. Kuma kafin ka sayi komai, leƙa ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo nan cikin jami'arku ka tambayi ma'aikata abin da suke da shi.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata. Shekara tara ina gaya wa yara Linkon ne ya 'yanta bayi. Kwanan nan ƙanena da ke karatu a waje ya turo mini bidiyo, wani baƙar fata yana cewa ƙarya ce, mutumin ba ya ƙaunar baƙar fata, tilas aka yi masa. Raina ya ɓaci, ina jin kamar na ci amanar yaran. Ina gaskiyar take?
Malama, Mabera

AMSA: Malama, kwantar da hankalinki, ba ki yi ƙarya ba. Amma shi ma mai bidiyon ba daga iska ya ɗauko ba, kuma gara ki ji hujjojinsa nan a tsanake da ki ji su daga bakin ɗalibarki a tsakiyar aji.

Littafin da ya fi tattara wannan tuhuma shi ne Forced into Glory na Lerone Bennett, wanda ya fito a 2000. Bennett baƙar fata ne, ya daɗe yana editan mujallar Ebony, kuma abubuwan da ya dogara da su suna nan a rubuce, ba mai iya goge su. A muhawarar 1858 da Stephen Douglas, abokin takararsa na majalisar dattawa, a garin Charleston na jihar Ilinoyi, Linkon ya tsaya gaban jama'a ya ce ba ya goyon bayan a daidaita farar fata da baƙar fata a zamantakewa ko a siyasa, ba ya goyon bayan baƙar fata su jefa ƙuri'a ko su riƙe muƙami. A Agusta 1862 ya kira wasu manyan baƙar fata Fadar White House ya ce musu zai fi alheri su bar ƙasar su zauna wani wuri. Abin bai tsaya a baki ba: a 1863 an kwashi mutum sama da 400 zuwa wani tsibiri na ƙasar Haiti, cuta da yunwa suka far musu, aka maido waɗanda suka rage a shekarar da ta biyo. A cikin Agustan nan dai na 1862 ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa babban burinsa ceton haɗin kan ƙasa ne. In zai samu ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in sai ya 'yanta duka zai yi. Ita kanta shelar 'yanci ta 1 ga Janairu 1863 yankunan da ke tawaye kawai ta shafa. Bayin Kentaki, Maryland, Delaware da Missouri, jihohin da ba su ɓalle ba, ba ta taɓa su ba.

Na karanta Bennett cikin wani azumi, na kwana uku raina ba daɗi. Ya fasa mini wani abu da nake ɗauke da shi tun 1968. Daga baya na gane kyauta mini ya yi.

Inda muka rabu shi ne, ya tsayar da mutum a wuri ɗaya kamar nan ya mutu. Maganin wannan yana cikin The Fiery Trial na Eric Foner, wanda ya fito a 2010 ya kuma ci lambar Pulitzer a 2011. In littafi ɗaya za ki nema, shi ne. Foner bai ɓoye ko ɗaya daga abin da na lissafa ba, jera su ya yi bisa kwanan wata, da aka jera kuwa sai ga sawun tafiya. Lokacin da Linkon ke rubuta wa Greeley waccan wasiƙa, daftarin shelar yana ajiye, ya riga ya karanta wa ministocinsa tun Yuli, nasara a fagen fama yake jira don kada a ce kukan wanda aka kayar ne. Ta samu a yaƙin Antietam cikin Satumba, ya fitar da sanarwar farko ran 22 ga watan. Shelar ta tsaya ga yankunan tawaye ne domin ikon da ya dogara da shi na babban kwamanda ne a lokacin yaƙi, wannan iko kuwa bai kai jihohin da ba su ɗaga makami ba. Amma ta buɗe wa baƙar fata ƙofar soja, kusan 180,000 suka sa kaki, kuma duk inda rundunar Arewa ta taka sai bayi su bar gonaki su taho. Daga nan bai sake fitowa bainar jama'a da maganar kwashe su ba. Ya matsa har majalisar wakilai ta amince da gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ran 31 ga Janairu 1865, wanda ya haramta bauta a duk ƙasar da ƙidayar 1860 ta nuna tana da bayi kusan miliyan huɗu. Ran 11 ga Afrilu 1865, kwana biyu bayan Janar Lee na rundunar Kudu ya miƙa wuya, ya fito ya ce yana son a ba wasu baƙar fata ƙuri'a, masu ilmi da waɗanda suka yi soja. John Wilkes Booth yana cikin masu saurare. Bayan kwana uku ya harbe shi, ya cika da safiyar 15 ga Afrilu yana da shekara 56.

Abin da ya nema a ranar kaɗan ne, ban musa ba. Amma mutumin da ya tsaya a Charleston a 1858 ba zai iya furta shi ba.

Shaidar da na fi yarda da ita ta Frederick Douglass ce, kada ki haɗa shi da wancan Douglas na muhawara. Wannan an haife shi bawa, ya gudu, ya zama babbar muryar baƙar fata. Ya soki Linkon da kakkausar murya, sun kuma haɗu ido da ido sau uku. A 1876, wajen buɗe wani mutum-mutumi a Washinton, ya ce Linkon shugaban farar fata ne da farko, su baƙar fata agololi ne a wurinsa. A cikin jawabin nan dai ya ce in an auna shi da mudun masu yaƙi da bauta, mai nawa ne mai sanyin jiki. In an auna shi da ra'ayin mutanen ƙasarsa, waɗanda dole ya tafi da su, mai sauri ne mai himma. Mutumin da ya ɗanɗani bulala ne ya faɗi duka biyun a tsayuwa ɗaya.

Ga wani abu da 'yan matanki za su so. Cikin waɗanda suka sa kakin nan akwai ɗan Barno, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istambul, daga nan Rasha, har ya kai Amurka da sunan Nicholas Said. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873.

Tunda mun zo nan, kada mu yi kamar bauta labarin wasu ne. A wannan nahiya aka kama yaron nan, a nan aka fara sayar da shi. A Arewacin Najeriya dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, kuma ba a soke bautar ɗungurungum a doka ba sai 1936, mahaifina yana saurayi. Murgu da fansa da bacucane kalmominmu ne, ba aro muka yi ba. Tsarin can da na nan sun bambanta, can an ɗaure bauta da launin fata ta yadda ko jikan jika ba ya fita, amma yarinyar da aka raba da uwarta a kasuwa ba ta san wannan bambanci ba. Ina ganin malamar da ta iya faɗa wa ɗalibanta laifin Linkon za ta iya faɗa musu wannan ma.

Ki gaya musu shi ya sa hannu a shelar, shi ya tura gyaran, amma bayin da kansu sun gudu, sun yi yaƙi, sun mutu, ba zaune suka yi aka miƙo musu ba. Sannan ki rubuta maganarsa ta 1858 da ta 1865 a allo ba tare da suna ba, ki tambaye su ko baki ɗaya ne ya faɗa. 'Yan babbar sakandare za su iya ɗaukar wannan.

TAMBAYA: Malam, akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp mai jera faɗuwar Linkon, ya karye a kasuwa, ya faɗi zaɓe sau kaza, sannan ya zama shugaba. Akwai kuma wasiƙar da aka ce ya rubuta wa malamin ɗansa, har mun liƙa ta a ofishin hedimasta. Sahihai ne?
Malamin firamare, Gwadabawa

AMSA: Malam, wasiƙar a cire ta, ko a bar ta a goge sunansa. Ba ta cikin takardunsa, masanan da suka duba sun ce ba tasa ba ce. Nasihar cikinta ba ta da laifi, jingina masa ita ne kuskure.

Jerin faɗuwar kuwa rabin gaskiya ne. Ya faɗi zaɓen majalisar jiha a 1832, kantin da suka buɗe da abokinsa ya karye, ya nemi majalisar dattawa a 1855 da 1858 bai samu ba. Abin da saƙon ya tsallake shi ne ya ci majalisar jihar sau huɗu a jere daga 1834, ya ci ta tarayya a 1846, kuma yana cikin lauyoyin da ake ji da su a Ilinoyi, har kamfanin jirgin ƙasa ke ba shi shari'a. In za ku ba yara wani abu daga wannan zango, ku ba su labarin bashin kantin: abokin ya rasu, shi ya ɗauki nauyin duka, ya yi shekaru yana biya har ya gama.

TAMBAYA: Malam, na yi kansila zango biyu, yanzu ina cikin dattawan jam'iyya a ƙaramar hukumarmu. Na ji akwai littafin da ya nuna yadda Linkon ya jawo abokan hamayyarsa ya ba su muƙamai, har Obama ya yi koyi da shi. Mu bayan kowane zaɓen fid da gwani rigima muke sha da waɗanda suka faɗi. Zai yi mana amfani?
Alhaji, Wurno

AMSA: Ranka ya daɗe, Alhaji. Littafin shi ne Team of Rivals na Doris Kearns Goodwin, 2005. Obama ya sha yaba shi, ya kuma ba Hillary Clinton harkokin waje bayan sun kara a neman tikiti.

A taron jam'iyyar Republican a Shikago cikin Mayu 1860, kowa ya ɗauka William Seward ne zai samu tikiti. Sai a zagaye na uku Linkon ya ɗauke. Da ya ci zaɓe ya ba Seward harkokin waje, Salmon Chase baitulmali, Edward Bates antoni janar. Dukkansu sun nemi tikitin, kowannensu yana ganin ya fi shi. Edwin Stanton kuwa ya taɓa wulaƙanta shi a wata shari'a a Cincinnati a 1855, duk da haka a 1862 ya damƙa masa ma'aikatar yaƙi, kuma Stanton yana bakin gadonsa lokacin da ya cika.

Sai dai, Alhaji, kada a ɗauki rabin darasin. Bai ba su muƙami don ya toshe musu baki ba, ya ba su ne don sun iya aikin. Chase ne ya nemo kuɗin da aka yi yaƙin da su. Wanda ya shigo ta cinikin siyasa, Simon Cameron, ma'aikatar yaƙi ta cika da zargin almundahana a kwangila a hannunsa, bai cika shekara ba aka ɗauke shi aka tura shi jakada Rasha. Kuma zaman bai zo da sauƙi ba. Ran 1 ga Afrilu 1861 Seward ya aiko masa takarda yana nuna gwamnati ba ta da alƙibla, yana tayin shi ya ja ragama. Linkon ya nuna masa cikin ladabi cewa in abin yi ne shi zai yi, bai tona masa asiri ba, Seward ya zama aminin da ya fi kowa kusa da shi. Chase kuwa bai taɓa sakin jiki ba. Yana minista yana haƙon kujerar ta ƙarƙashin ƙasa, yana yawan miƙa takardar ajiye aiki don a roƙe shi. A Yuni 1864 Linkon ya karɓa. A Disamba ya naɗa shi alƙalin alƙalai, don ya san zai kare 'yancin bayi a kotu.

Mu ma mun ga wani abu mai kama da haka a 1979, da NPN ta marigayi Alhaji Shehu Shagari ta ƙulla yarjejeniya da NPP aka ba su ministoci, ta kuma watse a 1981. Waccan ƙawancen jam'iyyu ce don samun rinjaye a majalisa, an raba kujeru bisa kaso. Ba ita ce ta Linkon ba.

Abin da nake ganin zai fi yi muku amfani ƙaramin labari ne. Bayan yaƙin Gettysburg a Yuli 1863, Janar Meade na rundunar Arewa ya bar rundunar Lee ta ƙetare kogi ta tsira. Linkon ya zauna ya rubuta masa wasiƙa mai zafi, sannan ya sa ta a ambulan ya rubuta a kai cewa ba a sa hannu ba, ba a aika ba. A cikin takardunsa aka same ta. Rigingimun da nake ji daga ƙananan hukumominmu, da yawansu saƙon murya ne da aka tura cikin fushi da tsakar dare.

Goodwin tana son Linkon, kuma so yana rufe ido. Ku tuna shi ne ya dakatar da haƙƙin kai wanda aka tsare gaban alƙali, aka tsare dubban mutane a lokacin yaƙin. Shi ne kuma ya amince da rataye mutum 38 'yan ƙabilar Dakota a Disamba 1862, bayan ya sassauta wa mafi yawan mutum 303 da kotun soja ta yanke wa kisa. Littafin ya haura shafi 900. Ka sa wani jikanka ya riƙa karanta maka yana fassarawa bayan isha'i, ku duka biyu za ku ƙaru.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karanta shafinka, ina ƙaruwa, amma wannan karon ban gane ba. Muna birnin Shehu, ga Bello, ga Abdullahin Gwandu, ga littattafansu na mulki da adalci ƙura na ci. Mi ak kai mu ga tarihin sarkin Nasara?
Almajirin ilmi, Kanwuri

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. A kan ƙurar nan ina tare da kai, kuma tana ci mini rai. Yaro ɗan sakandare a garin nan in ya nemi cikakken tarihin Sarkin Musulmi Bello da Hausa mai sauƙi zai sha yawo, alhali rubuce-rubucen suna nan a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da gidajen malamai. Ina karanta yadda Amurkawa suka tattara kowace 'yar takarda da mutuminsu ya rubuta, ina jin kishi, kuma kishin nan na daga abin da ya sa nake kawo su wannan shafi.

Sannan tsarin da ake mulkarmu da shi, wanda aka fara kawowa a 1979, shugaba mai cikakken iko da majalisu biyu, daga can aka aro shi. Wanda ya sa rigar aro ya kamata ya san yadda ta zauna wa mai ita, da inda ta yage masa.

Karanta shugaba da yabonsa da laifinsa ma ba baƙon abu ba ne a gidan nan. A 1807 Malam Abdullahi ya bar jama'a ya nufi gabas don ya ga son duniya ya fara shiga, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ƙorafinsa yana nan a waƙe cikin Tazyinul Waraƙati, kuma almajiran da suka yi ta kwafe littafin ba su cire baitocin ba.

Shekarar da aka haifi Linkon, 1809, ita ce shekarar da Bello ya kafa birnin nan. Bature Clapperton ya zo masa a 1824, ya dawo a 1826, ya rasu nan a 1827. Cikin kyautar da ya kawo a zuwa na biyu akwai littafin handasa na Bagirke Uƙlidis da Larabci. Ya rubuta cewa wata safiya ya shiga ya tarar da Sarkin Musulmi zaune da littafin a gabansa, Bello ya ce masa dama gidansu suna da kwafi da wani ɗan'uwa ya samo a Makka, gobara ta cinye shi. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, Linkon yana da shekara arba'in, yana yawon shari'a daga gari zuwa gari, littafin nan dai yake ɗauke da shi. Herndon ya ce a masauki sauran lauyoyi suna barci shi yana bin sa da kyandir, kuma shi da kansa ya rubuta a 1860 cewa ya kusa ƙware a juzu'i shida na farko.

Fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, ta Usulus Siyasa ce ta Bello. Ina roƙon Malam ya aiko mini da wurin da yake ganin ya fi dacewa mu fara.